Ranar da na tsaya gaban masana a Yamai

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan garinmu, malamin gona, ya yi a taron shekara na ƙungiya a nan Tawa. Dattawa suka ce a buga shi yadda ya faɗe shi, domin ƴan'uwa da ke wajen bida su samu karantawa.

Ina gaida shugaban ƙungiya da maigari da liman da sauran iyayenmu maza da mata. Ina gaida waɗanda suka sauko daga Abijan da Legas da Agadas da Libiya, Allah ya sa an dawo da alheri. Waɗanda ba su samu zuwa ba kuma, takarda za ta iske su.

Shugaba ne ya ce in ba ku labarin tafiyar da na yi Yamai bara bayan girbi. Na ce masa, “Baba, labarin nan akwai abin kunya a ciki.” Ya ce, “Shi ya sa za ka faɗa, don ƙannenka su ji.” To, maganar babba ba a mayar da ita. Ga ni.

YADDA ABIN YA FARO

Kun sani shekara uku ke nan muna wani aiki da manoman garinmu. Mun kafa ma'aunin ruwan sama a bakin lakwal, duk ranar da aka yi ruwa mushe ko wani ɗalibi ya duba ya rubuta. In kaka ta yi, mu bi gonakin da aka yi wa tassa a kan fako, mu ƙidaya damman hatsin da kowace ta bayar, mu rubuta taki nawa aka zuba, da ranar shuka. Lissafin duka yana cikin littafin ƙungiya, wanda ya so ya zo ya duba.

Bari in ɗan bayyana abin da awon yake nufi, don na ga wasu suna tsammanin wasan ƴan boko ne. In an ce an yi ruwa milimita 1, ma'anarsa lita 1 ta sauka a kan kowane mita guda tsawo da mita guda faɗi. A hekta guda, watau mita 100 tsawo da mita 100 faɗi, lita 10,000 ke nan. In an yi ruwan milimita 20 a dare ɗaya, lita 200,000 ta faɗo a hektar nan. A ƙasarmu ta arewacin Adar yawancin shekaru abin da muke samu a damana duka tsakanin milimita 300 ne da 400. Ruwan kaɗan ne, amma babbar asara ita ce ko wannan kaɗan ɗin ba ya shiga fako. Gudu yake yi, ya kwashe ƙasa, ya tafi ya ci bakin fadama. Aikin tassa shi ne ta tare shi inda ya faɗo.

Wata rana shugabana na aiki ya kira ni biro ya ce za a yi taron masana ƙasa da ruwa a Yamai, ya kuma ba da sunana. Ya ce zan yi bayanin awon nan cikin minti 15, da Faransanci, gaban malaman jami'a da na INRAN, watau ma'aikatar binciken aikin gona ta ƙasa, da baƙi daga Burkina Faso da Mali da Turai. Na ce to. Amma ina fitowa na ji ƙafata ba ta ɗaukata.

Jama'a, ni da nake shiga rijiya gaba ashirin ba gardama, sai ga ni kwana uku ban yi barcin kirki ba. Tuwo ya ƙi wucewa. Da na rufe ido sai in ga ɗaki cike da masu tabarau suna dariya. Har na shirya ƙaryar da zan yi, in ce zazzaɓi ya kama ni.

ABIN DA KAWU DA INNA SUKA CE

Ran Juma'a na hau babur na tafi gida. Na iske kawuna gindin bedi yana gyaran igiyar guga. Na faɗa masa kome, na ƙare da cewa, “Kawu, ai an ce da muguwar rawa gara ƙin tashi.” Bai ɗago kai ba ya ce, “Yaro, wa ya ce maka rawa aka aike ka? Aike aka yi maka. In na ba ka saƙo ka kai wa sarki, kai za a duba ko saƙon?” Na ce saƙon. Ya ce, “To, ramun nan da ka ƙidaya, kai ka gina su?” Na ce a'a, mutanen gari suka gina. Ya ce, “Ashe in ka ƙi zuwa, guminmu ka rufe a ɗaki.”

Da dare na zauna da inna, na tambaye ta yadda aka faro aikin gyaran ƙasa. Ta ba ni labarin da na sha ji ina yaro ban riƙe ba. A farin 1984 gari ya watse, maza suka tafi kudu neman abin da za a ci, aka bar mata da yara da tsofaffi. A shekarar ne aka buɗe babban aikin nan na Keita da taimakon ƙasar Italiya da hukumar FAO. Abinci ake biyan ma'aikata da shi, mafi yawansu kuwa mata ne. Inna tana cikinsu. Ta ɗauki duwatsu a ka, ta jera su bisa gangaren dutse don su tsayar da ruwa, ta gina ramun dashen itace. Ta ce mini, “Mu da muka ɗauki dutse da goyo a baya ba mu ji kunya ba. Kai magana kaɗai aka ce ka ɗauka.”

Daga nan na koma na bi tarihin tassa ita kanta. Kakanninmu sun san gina rame a shuka a ciki. Amma gyaran da ya sa ta bazu ya zo ne a 1989, sa'ad da aka kai waɗansu manoma na ƙasar Illela ziyara Yatenga ta Burkina Faso. Can suka ga an faɗaɗa ramen, an ƙara masa zurfi, ana zuba taki tun da rani. Suka dawo suka gwada. A 1990 ruwa ya yi ƙaranci, sai ga gonakin tassa da hatsi alhali na kusa da su sun ƙone. Gani ya kori ji. Har fakon da a da ko kyauta ba mai so, mutane suka shiga sayensa da kuɗi. Mutumin da ya fi shahara da wannan aiki a Yatenga shi ne Yakuba Sawadogo, manomi ne, bai yi karatun boko ba. A 2018 aka ba shi babbar lambar yabo a ƙasar Suwidin, ya rasu a watan Disamba na 2023, Allah ya jiƙansa. Na ce a raina, ashe ilmin nan daga hannun manoma ya fito kafin ya shiga littafin masana. To, me zai sa ɗan manomi ya ji tsoron faɗinsa?

INDA TSORON YAKE FITOWA

Na zauna na yi wa tsoron nan nawa ƙidaya kamar yadda nake ƙidayar dami, na tarar kashi uku ne.

Na fari, tarbiyya. Mu an tashe mu a kan yaro ba ya ɗaga ido gaban babba, ba ya sa baki in manya suna magana. Wannan ladabi ne, ba kuwa ina cewa a yar da shi ba. Amma an ce tsoro na daji, kunya na gida. Ni sai na kwashi kunyar gida na kai ta wurin aiki, inda shiru ba ladabi ba ne, rashin cika alkawari ne.

Na biyu, harshe. Faransanci ba a nono na sha shi ba. Ina tsoron in karya shi a yi mini dariya, kamar yadda ake yi mana a lakwal.

Na uku, jiki. Wani abokina malamin asibiti ya bayyana mini wannan. Ya ce in mutum ya hangi haɗari, jikinsa yana sako wani sinadari cikin jini, ana ce da shi adirenalin. Shi ke sa zuciya ta buga da sauri, numfashi ya gajarta, miyau ya ƙafe, hannu ya yi gumi ya yi rawa. Allah ya yi mu haka don mu iya gudu ko mu yi kokawa. Ya ce ɗan kokawa ma kafin ya shiga fili haka yake ji, ba ciwo ba ne, ba kuma sammu ba ne. Ya ce yakan fi tsanani kafin a fara da farkon farawa, sa'an nan ya sauka da kansa. Wannan magana ta yi mini amfani ƙwarai, don da ina tsammanin ni kaɗai ne haka. Liman kuma ya tuna mini cewa Annabi Musa, alaihis salam, da aka aike shi wurin Fir'auna sai da ya roƙi Allah a kan harshensa, ya nemi a ƙarfafa shi da ɗan'uwansa Haruna. In manzon Allah ya nemi taimako a kan magana, ni wane ne?

SHIRIN DA NA YI

Mako uku suka rage mini. Ga abin da na yi, ƙannena ku riƙe:

1. Na rage kaya. Da fari na rubuta shafi 12, ina so in nuna na sani. Da na karanta da agogo sai na ci minti 40. Na tambayi kaina, in mutanen nan za su manta kome sai abu guda, me nake so su riƙe? Amsa ita ce: tassa ba taki rabin aiki ce, kuma abin da ya fi ƙaranci a garinmu shi ne taki da hannun ginawa. Duk abin da bai taimaki wannan magana ba na cire shi.

2. Na fara yin jawabin da Hausa. Na tara inna da kawu da maƙwabta a tsakar gida na yi musu. Duk inda inna ta ce “ban gane ba”, sai na tarar ni ma ban gane wurin sosai ba, kalmomin boko ne kawai na ɓuya bayansu. Sai da ya daidaita da Hausa kana na mayar da shi Faransanci.

3. Na maimaita da ƙarfi, a tsaye, da agogo a hannu, fiye da sau goma. Karatu a zuci daban, fitar da murya daban. Sau biyu na yi gaban abokan aiki, na ce su yi mini tambayoyin mugunta.

4. Na hardace jimla uku na farko kamar karatun allo. Sauran ban hardace ba, kanun magana kaɗai na rubuta a ƴar takarda.

5. Na ɗauki shaida. Na sa diga na ɓamɓaro ɓawon fako guda, na kuma ɗebo ƙasa daga cikin ramen tassa mai shekara uku, na ƙulle kowane a leda.

RANAR TARO

Daga Tawa zuwa Yamai ya fi kilomita 500. Muka bi ta Badagishiri da Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, ni kuwa duk hanya bakina yana motsi, har wata tsohuwa da ke kusa da ni a mota ta ce Allah ya karɓi wuridin malam.

Da safe na riga kowa zuwa ɗakin taro. Na hau inda ake tsayawa, na taɓa abin magana, na gwada kwamfuta da majigi, na gaisa da yaron da ke kula da su. Wurin da ka taɓa tsayawa ko sau ɗaya ne ba ya ba ka tsoro kamar wanda ba ka taɓa takawa ba.

Ni ne na huɗu. Na ukun farko duk daktoci ne, allunansu cike da zane da lissafi. Da aka kira sunana, wallahi ban san yadda na isa gaba ba. Na buɗe baki, murya ta ƙi fita. Takarda tana kaɗawa a hannuna kowa yana gani. Ɗakin ya yi tsit. A wurina kamar an yi shekara, amma daga baya abokin aikina ya ce bai kai a ƙidaya goma ba. Na ajiye takardar bisa tebur, na kurɓi ruwa, na ja numfashi a hankali na sake shi a hankali har sau uku, na yi bisimilla a zuci. Can tsakiya na hangi wata dattijuwa tana gyaɗa mini kai kamar inna. Sai na yi kamar da ita kaɗai nake magana. Jimlolin nan uku da na hardace suka fito da kansu, na huɗu ya biyo su.

Sa'an nan na kwance ledojina. Na zuba ruwa bisa ɓawon fako, ya gangare ya jiƙa tebur. Na zuba bisa ƙasar tassa, ta shanye. Na ga mutanen baya suna miƙewa don su gani. Daga nan na manta da kaina. Na bayyana musu yadda muke yi: a gina rame da rani, faɗinsa kamar santimita 20 zuwa 30, zurfinsa kamar 15 zuwa 20, a tara ƙasar da aka fitar ta gefen gangare don ta tare ruwa, a zuba taki cikin tafin hannu ɗaya ko biyu, gara ta zo cin takin ta huda ƙasa, ruwa ya bi hudojin ya sauka, iska ta kawo rairayi da ganye su taru a ciki, in ruwa ya sauka a shuka. Na faɗi inda ba ta yi: a jigawa rame yakan cike da rairayi, a shekarar ruwa da yawa kuma yakan kwanta ya ruɓar da shuka. Na karya Faransanci ya fi sau biyar. Ba wanda ya yi dariya. Lissafin suke rubutawa.

Da aka zo tambayoyi, wani baƙo ya ce, wannan aiki kwana nawa yake ci? Wannan kam na sani, don na riƙe diga. Na ce in an bar mita guda tsakanin rame da rame, hekta tana cin rame 10,000. Ko da mutum zai gina 200 a yini, kwana 50 ke nan, cikin zafin bazara, lokacin da majiya ƙarfin garinmu suke Abijan da Libiya. Wani kuma ya tambaye ni yawan sinadarin da ke cikin takin da muke zubawa. Nan gabana ya faɗi, don ban auna ba. Na tuna kawu, na ce ɗan aike ba ya ƙara wa saƙo. Na ce, “Ban auna ba, ba mu da na'urar. In akwai mai ita a nan, mu muna da takin.” Aka yi dariya, amma ta jin daɗi. Da aka fita shan shayi mutumin ya neme ni da kansa, ya karɓi adireshina. Abin da na fi tsoro duka, watau in ce ban sani ba gaban jama'a, shi ne ya zama mafi sauƙi.

Ba zan ce muku tsoro ya rabu da ni ba. Yanzu haka da nake gabanku gwiwata tana ɗan rawa, don tsayawa gaban iyaye ya fi tsayawa gaban daktoci wuya. Bambancin kawai, yanzu na san shi, na san zai sauka.

ROƘONA GA ƘUNGIYA

Ban ba da labarin nan don a yaba mini ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma in bai buɗe baki ba, mai gyara zai gyara inda ba nan ba ne. Sau nawa baƙi suka zo garinmu da mota, aka shimfiɗa tabarmi, suka yi magana, muka ce “to, madalla”, suka tafi, sa'an nan muka koma gindin bedi muna faɗin abin da ya kamata a ce mun faɗa? Ana raba aikin rijiya da na gyaran fako da na makaranta a wurin taro ne, garin da ba shi da baki kuwa ana tsallake shi. Saboda haka ina roƙon abu uku.

Ga iyayenmu: a kowane taron ƙungiya a ba yaro ɗaya, namiji ko mace, minti biyar ya tashi ya yi bayanin abin da ya sani, ko awon ruwa ne, ko kuɗin asusu, ko ciwon dabbobi. In ya yi kuskure a bari ya ƙare kana a gyara masa, kada a katse shi, kada a yi masa dariya. Wanda ya saba tsayawa gabanku ba wanda zai razana shi a Tawa ko a Yamai. Tun 2010 muna da jami'a a nan Tawa, ɗiyanmu suna shiga. Kada su fito da ilmi a ka, baki a ɗaure.

Ga yayyena da ke wajen bida: ku kun ga duniya, kun yi ciniki da harsunan da ba naku ba, kun san ba a mutuwa don an karya harshe. In kun zo gida ku zauna da ƙannenku ku faɗa musu haka. In kuma za ku aiko da kuɗi da rani, ku ware wani abu na masu ginar tassa da na amalanken taki. Abin da na faɗa wa masana ke nan, ba zan ɓoye muku shi ba.

Ga ƙannena: in an ce ku tashi, ku tashi. Ku san abu guda da kuke so ku faɗa, ku gwada shi gaban na gida, ku faɗi abin da kuka gani da idonku, inda ba ku sani ba ku ce ba ku sani ba. Hannu zai yi rawa, ku bar shi ya yi. Saƙon gari ne a bakinku.

In na yi kuskure ko na wuce gona da iri gaban manya, a gafarce ni. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya dawo mana da matafiyanmu lafiya, ya jiƙan magabatanmu. Wassalamu alaikum.